Ɗan Ina Ne Ɗan Arlit, Kuma Wa Zai Biya Kuɗin Tambayar?

Wata tsohuwar ɗaliba tawa, wadda na koyar da ita tarihi a ajin ƙarshe na sakandare a nan Katsina, ta zo gaishe ni bayan sallar layya da takarda a hannu. Ta samu shiga karatun digiri na biyu, ta kuma rubuta abin da take son yin kundinta a kai. Shafi huɗu ne. Ukun farko tambayoyi ne, na huɗun kuma lissafin kuɗi: motar Maraɗi, motar Tawa, motar Agadas, sannan ta Arlit, da abincin wata uku, da 'yar na'urar naɗar murya, da kuɗin shayi da sukari da goron da za ta riƙa ajiye wa tsofaffin da za ta zauna da su. Ba ta sa kuɗin masauki ba, domin gidan kakarta za ta sauka. Jimillar ba ta kai abin da mai matsakaicin hali ke kashewa a kayan ɗakin 'yarsa ba.

A Akokan aka haife ta, garin ma'aikata da ke maƙwabtaka da Arlit. Mahaifinta Bahaushe ne daga wani ƙauye a kudancin Maraɗi, makanike, mahaifiyarta kuma Ba'abziniya ce daga cikin makiyayan da fari ya koro bakin gari. Tana shekara goma sha biyu aka kawo ta wurin gwaggonta a Katsina. Ta ce da ni, "Malam, a nan 'yar Nijar ce ni. In na je Maraɗi, sai su ce 'yar Arlit ta zo. A Arlit kuwa dangin uwata 'yar Hausawa suke ce mini. So nake in tambayi waɗanda aka haifa a garin nan kamar ni, 'yan ina suka ɗauki kansu, yanzu da kamfanin da ya tara iyayensu ya rufe."

Ba ta samu kuɗin ba. Inda take karatu babu wani kaso na tafiyar bincike, balle ta ƙetaren iyaka, kuma malamin da ke duba aikinta, cikin tausayi, ya ba ta shawarar ta zaɓi abin da ke kusa. Yanzu tarihin wata kasuwa take rubutawa, wadda ɗan acaɓa ke kai ta cikin minti goma. Ba na raina tarihin kasuwa. Amma abin ya tsaya mini a rai, har na koma ina yi wa kaina wata tambaya da ban taɓa yi ba duk shekarun da na yi ina riƙe da alli: abin da muke da shi a rubuce game da Abzin da garuruwan yuraniyom, wa ya biya kuɗin tattara shi, kuma me mai biyan yake nema?

Kafin in shiga nan, ya kamata mai karatu ya ga dalilin da ya sa tambayar yarinyar nan ba ta amsuwa daga cikin ƙasa guda. Abzin da ƙasar Hausa tun fil azal a cuɗe suke. Gobirawa na ba da labarin cewa daga Abzin kakanninsu suka gangaro kudu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya je har Agadas neman ilimi wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Ayarin Abzinawan Kel Ewey kan ɗauko gishiri da dabino daga Bilma da Fachi, su sauko Damagaram da Kano bayan kaka, su yi watanni raƙumansu na cin kara a gonakin manoma suna bar musu taki, sannan su koma da gero da baƙin turkuɗin Kura da suke naɗa rawani da shi. Wasu ba su koma ba. Agalawa da Tokarawa, waɗanda suka yi suna a fataucin goro, daga wajen Abzinawa suka fito, suka zauna a ƙasar Kano da Katsina har suka zama Hausawa, kuma daga cikin Agalawa ne gidan Alhassan Ɗantata ya fito. A can Agadas ma, birnin Sarkin Abzin, Hausa ake yi a kasuwa da cikin gida. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata a kan takarda tsakanin 1898 da 1906 ta raba hukuma, ta raba harshen makaranta, ta raba inda ake ajiye takardu. Auratayya da fatauci kuwa suka ci gaba abinsu.

To, Bature na farko da ya bar mana cikakken bayanin Agadas shi ne Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim. Ya shiga birnin a watan Oktoban 1850, daga baya ya bi ayarin gishiri zuwa kudu, ya ratsa Katsina, ya isa Kano a farkon 1851. Shi kam ya yi irin tafiyar da ɗalibata ke so ta yi, sai dai daga arewa zuwa kudu. Gwamnatin Ingila ce ta ɗauki nauyin tafiyar, kuma abin da take so shi ne hanyoyin ciniki da yarjejeniya da sarakuna. Shi ya sa littattafan Barth suke cike da farashin kaya, da yawan raƙuma, da nisan rijiya zuwa rijiya. Masani ne na gaske, ya iya Hausa da Larabci, har yau muna amfana da shi. Amma idonsa ya fi zama inda mai biyan kuɗi ya aike shi.

Bayan Faransa ta kama ƙasar sai rubutun ya koma hannun hafsoshin soja da jami'an mulki. A watan Disamban 1916 Kawusan, da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama, ya yi wa barikin Faransawa na Agadas ƙawanya, ba a karya ta ba sai a watan Maris na 1917. Ramuwar da ta biyo baya ta yi muni. An kashe mutane da dama, har da malamai, an ƙwace dabbobi, jama'a da yawa suka watse zuwa kudu, wasu har cikin Najeriya. Mai son bin sawun waɗannan iyalai a yau, sai ya leƙa gidan adana takardu na Yamai, da na Dakar inda hedikwatar mulkin Faransa a Afirka ta Yamma take, da na Aix-en-Provence a Faransa, da na Kaduna don rahotannin Turawan Ingila. Ƙasa huɗu ke nan don labarin zuriya ɗaya. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa tarihin yankin nan mai tsada ne, kuma wanda ke da kuɗin jirgi da biza shi ke iya rubuta shi.

A 1957 masu binciken ƙasa na Faransa suna neman jan ƙarfe a Azelik, kusa da In Gall, wurin da masana da dama ke ɗauka shi ne tsohon garin Takadda da Ibn Baɗuɗa ya ziyarta a 1353, sai suka ci karo da yuraniyom. Daga nan hukumar makamashin nukiliya ta Faransa ta karɓi aikin. Wannan shi ne bincike mafi samun kuɗi da aka taɓa yi a Abzin: jirage, da motoci, da injinan haƙa, shekara da shekaru ana tona ƙasa ana aunawa. An san abin da ke ƙarƙashin hamadar dalla-dalla tun kafin a damu da sanin waɗanda ke kiwo a bisanta. A 1968 aka kafa kamfanin SOMAIR, a 1969 aka fara gina garin Arlit, kimanin kilomita 240 arewa da Agadas, a 1971 aka fara fitar da ma'adinin daga buɗaɗɗen rami. A 1974 aka kafa COMINAK, da hannun jarin Faransa da Nijar da Japan da Sifen, ya fara aiki a 1978 a ƙarƙashin ƙasa, aka gina wa ma'aikatansa Akokan. Aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit, aka buɗe mahaƙar kwal kusa da Cirozerin don ba wa kamfanonin lantarki. A 1981 Nijar ta fitar da sama da tan 4,000.

A cikin waɗannan shekarun ne kawuna, Allah ya jiƙansa, ya naɗe kekensa na ɗinki ya tafi. Bai taɓa shiga rami ba, bai iya Faransanci ba, tela ne kawai da ya ji labarin garin da ma'aikata ke karɓar albashi mai kauri ba su da mai yi musu kaftani. Ya yi shekara goma sha ɗaya a can. In ya zo hutu yana ba mu labarin kantin Turawa da ake kawo wa kaya daga Faransa, da wurin wanka na manyan ma'aikata a tsakiyar hamada, da fitilun da ba sa mutuwa. Daga bakinsa na fara jin yadda garin yake a jere kamar matakala. Akwai unguwar manya, akwai ta ƙananan ma'aikata, dukansu na kamfani ne, da ruwa da wuta da asibiti. Sai garin da ya tsiro da kansa a gefe, na teloli da mahauta da masu tebur da direbobi. Can bayan wannan kuma sai unguwannin da har yau ake kira Bukkoki, da sunan Hausa, inda aka fara da tabarma da kwali da tsofaffin gwangwanaye. Mafi yawan waɗanda suka fara zama a Bukkoki makiyaya ne da farin 1973 da 1974 ya kashe wa dabbobi, sannan na 1984 ya zo ya ƙarasa abin da ya rage. Ga wanda ya san wurin tun yana makiyayar kakanninsa, ya wayi gari shi ne mai gadin ƙofar wanda ya zo jiya.

Ban taɓa naɗar muryar kawu ba. A lokacin ina ganin hira ce kawai. Na karanta tarihi a jami'a, na haddace sarakunan Songhai da yaƙe-yaƙen Turai, ga tarihi yana zaune a zaurenmu yana shan fura ban gane shi ba.

Me ya sa aikin kamfani ya fi faɗawa hannun 'yan kudu? Dalilin yana da alaƙa da makaranta, kuma ya kamata mu malamai mu lura. Kamfani na neman mai takarda, lakwal kuwa ta fi yawa a Yamai da Dosso da Maraɗi da Damagaram, makiyaya sun daɗe suna ɓoye 'ya'yansu daga makarantar Nasara, kuma ko da sun so, babu makarantun a daji. Saboda haka Zabarmawa da Hausawa suka cika ofis da wurin gyaran injin, 'yan Benin da Togo suka samu nasu rabon, Abzinawa da yawa suka tsaya a gadi da leburanci. Wannan ƙorafi na cikin abin da ya rura tawayen da ya ɓarke bayan kisan Cintabaraden na watan Mayun 1990, wanda aka rufe da yarjejeniyar 24 ga Afrilun 1995, ranar da Nijar ke hutu har yau. Ya sake dawowa a 2007 da ƙungiyar MNJ, wadda ta sa rabon arzikin yuraniyom a sahun gaba na buƙatunta, har zuwa 2009.

Yanzu mu dubi masanan da suka yi aiki a yankin cikin waɗannan shekaru, domin akwai nagari ƙwarai. Edmond Bernus, wanda cibiyar binciken Faransa ta ORSTOM ta ɗauki nauyinsa, ya yi shekaru yana bin makiyaya, ya fitar da babban littafinsa kan Abzinawan Nijar a 1981. Gerd Spittler, Bajamushe, ya fara da manoman Gobir, sannan ya koma Timiya cikin duwatsun Abzin, ya rubuta yadda Kel Ewey suka fuskanci yunwar 1984. Emmanuel Grégoire, wanda ya yi littafi kan Alhazan Maraɗi, ya yi wani kan Abzinawa da tattalin arzikin Agadas a 1999. Ba na zargin ko ɗaya daga cikinsu. Abin da na lura da shi kawai shi ne, abin da ya fi jan hankalin jami'o'in Turai a lokacin shi ne Ba'abzine a kan raƙumi, mai rawani, mai tsohuwar al'ada da ake tsoron ta ɓace. Ɗan da aka haifa a Bukkoki, mai magana da Hausa a titi, da Tamashek a ɗakin uwarsa, da Faransanci a aji, bai yi kama da hoton da ake nema ba.

Da aka shiga shekarun 2000 sai kuɗi ya juya wajen lafiya. Almoustapha Alhacen, ma'aikacin kamfani ne kuma ɗan yankin, ya jagoranci ƙungiyar Aghirin'man bayan ya ga abokan aikinsa na mutuwa da cututtukan da ba a yi musu bayani. Shi ya nemi taimakon wata cibiyar awon tiririn nukiliya mai zaman kanta ta Faransa, CRIIRAD, suka zo a ƙarshen 2003. Greenpeace ta biyo baya a 2009, ta fitar da rahoto a 2010 cewa ta auna wani wuri a kan titin Akokan inda tiririn ya ninka na al'ada har kusan sau 500. An kuma nuna yadda tsofaffin ƙarafan kamfani ke shiga kasuwa, mutane na saye suna amfani da su a gidaje. Aiki ne mai muhimmanci, kuma abin sha'awa a cikinsa shi ne ɗan gari ne ya fara yin tambayar, sannan kuɗin waje ya biyo ta. Da wuya ake samun haka.

Sai kuma tsaro ya shigo. A watan Satumban 2010 aka sace mutum bakwai a Arlit, biyar Faransawa, ɗaya ɗan Togo, ɗaya ɗan Madagaska. A watan Mayun 2013 aka kai harin bam a ma'aikatar SOMAIR. Ƙasashen Turai suka shafa wa arewacin Nijar jan launi a taswirarsu, jami'o'insu suka daina barin ɗalibai su je. Nan ne aka ga raunin dogaro da baƙo: ranar da gwamnatinsa ta ce kada ya je, bincike ya tsaya.

A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawarwaki 92 a hamada arewa da Arlit, kan hanyar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Mafi yawansu mata ne da yara, kuma da dama daga yankin Kance suke, a jihar Damagaram, dab da iyakar Daura. Hausawa ne, namu ne. Bayan taron Valletta na 2015, Tarayyar Turai ta buɗe asusu na musamman don rage kwararar baƙin haure, Nijar kuwa ta riga ta yi dokar hana safarar su a shekarar, sai ga Agadas ta cika da masu bincike da 'yan jarida da ƙungiyoyi. An yi rahotanni ba adadi. Amma mafi yawan tambayoyin a kan mai niyyar tsallaka teku zuwa Italiya suke, domin shi ne ke hana mai biyan kuɗi barci. Matar Kance da ke zuwa Tamanrasat da 'ya'yanta ta dawo bayan wata shida, da telan Katsina da ya zauna a Arlit, ba Turai suka nufa ba, don haka kasonsu a wannan kuɗi kaɗan ne. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ɗalibin da ke neman tallafi yakan koyi rubuta abin da mai tallafin ke son ji, kuma ban ga laifinsa ba, yana da iyali.

Akwai wata ƙofar kuɗi da ta buɗe a wannan zamani, wato ta al'ummomin da ake kira 'yan asalin wuri. A 2003 hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka ta amince da wani rahoto da ya sa Abzinawa cikin irin waɗannan al'ummomi, a 2007 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da sanarwarta kan haƙƙoƙinsu. Nijar ta goyi baya, Najeriya ta ƙaurace wa ƙuri'ar. Ga makiyayan da aka kafa shinge a kan makiyayarsu ba tare da an tambaye su ba, aka kuma zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasarsu don wanke ma'adini, wannan kalma makami ce, kuma suna da gaskiyar riƙe ta. Ba zan rage musu ko ƙwayar zarra ba. Sai dai in ka kai kalmar cikin garin Arlit sai ta fara tangaɗi. Abzinawan kansu ba tsintsiya ɗaya ba ce: akwai 'ya'yan manyan gidaje, akwai gidajen malamai, akwai maƙera, akwai zuriyar bayi waɗanda wasunsu aikin albashi ne ya fara ba su 'yancin kansu. In an ce a yi wa 'yan asali magana, wanne daga ciki ke riƙe da lasifika? Sannan ga ɗan mai burodi da aka haifa a garin a 1980, ya binne uwa da uba a maƙabartar garin, bai san hanyar ƙauyen kakansa ba. Shi baƙo ne har yaushe? Garin kansa bai kai shekara sittin ba, amma a ƙidayar 2012 mutanensa sun kusa dubu 80.

Mu a Najeriya wannan ciwo ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk malamin da ya taɓa cika wa ɗalibai takardun neman gurbin karatu ya san ranar da ake cewa a kawo shaidar asalin ƙaramar hukuma. Ya ga yaron da aka haifa a Jos ko a Sabon Garin Kano ana tura shi garin da bai taɓa kwana ba ya nemo sa hannun hakimi. Iyaye ma sun sani. Abin da ke faruwa a Arlit wannan ne, sai dai an matse shi cikin rayuwar mutum ɗaya, ana iya ganin farkonsa da idon waɗanda suka kafa bukkar farko, kuma wasunsu na raye. Domin haka nake ganin asara ce babba a ce ɗalibanmu ba sa iya zuwa.

Kada a ɗauka 'yan ƙasa ba su yi komai ba. Farfesa Djibo Hamani ya rubuta tarihin Adar a 1975, sannan na masarautar Abzin a 1989, kuma cibiyar IRSH ta Jami'ar Yamai ce ta buga su. Shi ya tsaya tsayin daka wajen nuna cewa tarihin Abzin da na Hausa ba sa rabuwa. Aboubacar Adamou ya yi nasa a kan Agadas da kewayenta a 1979. Tun 1968 akwai cibiyar tattara tarihin baka a Yamai, wadda yanzu ake kira CELHTO, kuma an kafa ta ne don ƙasashe da yawa. LASDEL, da aka buɗe a Yamai a 2001, ta horar da matasan masu bincike da dama. Amma a kan rayuwar cikin garin Arlit, abin da ya fi taɓa ni daga masu fim ya fito. Idrissou Mora-Kpai, ɗan Benin, ya yi fim mai suna Arlit, deuxième Paris, wato Arlit Paris ta biyu, a kan yadda garin ya koma bayan faɗuwar farashin yuraniyom. Amina Weira, wadda mahaifinta ya yi aiki a mahaƙar, ta koma garin ƙuruciyarta ta yi nata fim ɗin a 2016. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Tsofaffi sun yi mata magana yadda ake yi wa 'yar gida.

Hanyoyin samun kuɗi a nahiyar nan akwai su, sai dai ƙanana ne. CODESRIA da ke Dakar, wadda aka kafa a 1973, ta daɗe tana ba da ƙaramin tallafin rubuta kundin digiri. Cibiyar WARC, ita ma a Dakar, tana da tallafin tafiya ga ɗan Afirka ta Yamma da ke son yin bincike a wata ƙasar Afirka, wanda shi ne ainihin abin da ake buƙata, amma guraben kaɗan ne ga yanki mai ƙasashe goma sha wani abu. A Najeriya akwai TETFund ta dokar 2011, wadda aka yi don manyan makarantun gwamnati da malamansu. A Nijar dokar ma'adinai ta 2006 ta ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigar ma'adinai ga ƙananan hukumomin yankin da ake haƙa, an kuma buɗe jami'a a Agadas a 2014. Tun 1971 ƙasashen biyu ke da hukumar haɗin gwiwa mai mazauni a Yamai. Tsakanin jami'ar Katsina da ta Maraɗi tafiyar da ba ta kai kilomita ɗari ba ce. Ni a ganina, a cikin duk waɗannan babu abin da zai hana a ware guraben ɗalibai goma a shekara, biyar daga kowane ɓangare, a ba su kuɗin mota da abinci, da malami ɗaya a nan ɗaya a can, da wata shida na koyon Faransanci ko Ingilishi. Hausar da za su yi hira da ita kuwa tun daga gida suka zo da ita. Attajiranmu da ke gina masallatai da ɗakunan karatu, waɗanda da yawansu kakanninsu a wannan hanya ta arewa suka yi arziki, ko mutum ɗaya cikinsu zai iya ɗaukar wannan bai ji a jikinsa ba.

Wani abin koyi na zo da shi daga nesa. 'Yan ƙabilar Navajo a Amurka, waɗanda aka haƙi yuraniyom a ƙasarsu daga shekarun 1940 zuwa 1980 aka bar su da ciwon huhu da ramuka, sun gaji da zama abin nazarin wasu. Suka kafa tasu hukumar da ke duba duk wani bincike da za a yi a kan mutanensu kafin a fara, suka kuma haramta haƙar yuraniyom a yankinsu a 2005. Mai bincike yana zuwa da kuɗinsa, amma sai ya zauna ya faɗa wa masu wuri abin da zai tambaya da abin da za su samu.

Lokaci kuma ba ya jira. A ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ya rufe, bayan ya fitar da kimanin tan 75,000, ya sallami ma'aikata wajen 600, ban da na 'yan kwangila, ya bar tulin dusar ma'adini da ta kai miliyoyin tan a bakin Akokan. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyakarmu da Nijar watanni, Faransa ta dakatar da biza ga ɗaliban Nijar, daga baya Nijar ta fice daga ECOWAS, a watan Yunin 2025 kuma gwamnati ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa. Kowa na da ra'ayinsa a kan waɗannan, ba su ne zancena ba a yau. Abin da ya shafe ni shi ne, tsohuwar hanyar da kuɗin bincike ke bi daga Paris ta toshe, sabuwa ba ta buɗe ba, kuma mutanen da suka ga ranar da aka kafa Arlit sun haura saba'in. Da yawansu sun kwashe iyali sun koma Tawa da Maraɗi da Damagaram da Dosso, da 'ya'yan da ba su taɓa riƙe fartanya ba.

Wannan komawar tasu ce ta ba ɗalibata 'yar ƙofa. Tun da Arlit ta gagara, sai ta fara bin Arlit ɗin da ta dawo kudu. Duk ƙarshen wata, in ta karɓi ɗan albashinta na koyarwa a wata makarantar kuɗi, takan shiga motar Jibiya, ta tsallaka ta Ɗan Isa, ta kwana biyu a Maraɗi, mahaifinta na kai ta gidajen tsofaffin abokan aikinsa. Da waya take naɗa. Kundinta na kasuwa na nan tana yi da rana, wannan kuwa ba wanda ya sa ta, ba kuma wanda zai ba ta maki a kai. Ta ce wani tsohon direban babbar mota ya yi awa uku yana magana, da ta tambaye shi inda yake so a binne shi, sai ya yi shiru, can ya ce matarsa ta fari da 'ya'yansa biyu suna Arlit.

Ta naɗi mutum goma sha ɗaya zuwa yanzu. Ɗaya daga cikinsu ya rasu a cikin azumin da ya wuce. Makon jiya ta kira ni tana tambayar inda za ta ajiye muryoyin, domin wayar ta fara ɗaukar zafi tana mutuwa da kanta. Na ce ta kawo ranar Asabar, a kwafa a kwamfutar ɗana, a sa wani kwafin a ɗan ma'ajin da ake rataya wa makulli, ta kai wa mahaifinta ya ajiye a Maraɗi.